Wa Zan Ba Mabuɗi na Biyu

Yaya Hadiza,

Salamu alaikum. Ina lahiyarki, ina yara da maigidanki, yaya zahin Agadas? Ni lahiya lau, sai dai har yanzu ban saba da Dakoro ba.

A butik ɗin Malam Isa inda nike aiki, da kirifto, wato kuɗɗin intanet, ake aika kuɗɗi Najeriya, ni ma ciki nike ajiye ɗan nawa. Ranar kasuwa Malam ya karanta muna cewa masu gyaran tsarin suna shawarar sabbin hanyoyin kulle kuɗɗi. Ta farko, ba su fita sai mutum biyu sun sa mabuɗi tare. Ta biyu, naka ya isa, amma in an daɗe ba a ji ka ba, na wanda ka zaɓa ya buɗe. Malam ya ce ta farko ta fi ƙarfin ɓarawo. Ban gane duka ba, amma ta biyu ta kwanta mini, don na tuna Baba ya rasu ba wanda ya san lambar buɗe salularshi.

Sai Malam ya ce, "Kai baƙo, wa za ka ba na biyun?" Kowa ya faɗi nashi, ni na yi ta goge tebur.

Yaya, in abin ya tabbata, kin yarda ki riƙe mini? Ki sa ni addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanenki,
Sale