Har Yanzu Lafiya Nake Roƙa wa Baba

Inna,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki, yaya su Auta, yaya ƙarin haƙurinmu?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Wankin asibitin ba wuya, tsayuwa ce kawai. Nakan yi azahar a ɗakin ajiye zannuwa, a kan kwali.

Sai dai abu ɗaya, Inna. Kullum na ɗaga hannu sai in ce, "Allah ka ba Baba lafiya," yadda na saba. Sai na shafa nake tuna ya rasu. Ku kun ga fitar da shi, ni a waya kawai na ji.

A aiko min da hularsa. Ki taya ni addu'a bakina ya koyi cewa "Allah ya jiƙansa."

'Yarki