Ƙwayar da Ba a Zuwa da Ita Gida

Zuwa ga Likita Bature mai kula da ɗakunan shan magani na ƙasarmu.

Bayan gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, ni tsohon malamin elemantare ne. Na koyar a Kankiya har ƙarfina ya ƙare, yanzu ina noma a Mawashi. Kukana a kan matata Hajara ne, mai ciwon ɓarin kai.

Na ɗaya. In ciwon zai taso mata, sai ta ga walƙiya a ido, sannan amai. Kwana biyu take yi a ɗaki mai duhu, ko ƙarar daka ba ta jurewa. Akwai ƙwayar da ke kwantar da shi. Na gan ta a ɗakin shan maganin da ya fi kusa da mu, na kuma karanta Turancin da ke jikin kwalbar: a sha da zarar ciwo ya soma.

Na biyu. Dokarku ta ce ba mai tafiya da ƙwaya gida, sai dai ya haɗiye a gaban malamin magani, wai kada talaka ya sayar a kasuwa. Tsakaninmu da wurin rabin yini ne a kan jaki. Ranar da take ciwo ba ta iya hawa. Ranar da ta iya hawa, sai a dube ta a ce lafiyarta ƙalau. Sau ɗaya na tallabe ta a kan jakin cikin rana. Abin da ta haɗiye, a bakin ƙofa ta amayar.

Na uku. Da yayyenta suka gaji, suka kai ta wurin wanzami ya yi mata tsaga kusa da idon dama. Wurin ya ruɓe. Idon ya tafi, ciwon yana nan. Yanzu ciwon ya koma ɓarin hagu, sun ce da an gama yankan gero za su mayar da ita wurin wanzamin. Ba ni da bakin hana su. Ni ne na shekara ashirin ina gaya wa yaran mutane cewa maganin Bature ya fi aska.

Roƙona ɗaya ne: a ba ni ƙwayar in ajiye a ƙarƙashin matashinta. In amanata ba ta kai ba, a danƙa wa limaminmu. Kun amince mini da ƴaƴan hakimai, ban sayar da ko alli ba.

Allah ya tsare maka idanunka duka biyu. Gero ya riga ya nuna.

Wassalam.

Malam Isiyaku, Mawashi.