Yaya Bulus, Barsu Ta Dawo da Rauni a Ƙafa

Zuwa ga yayana Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a inda aikin soja ya kai ka, Mama na gaishe ka. Na rubuto ne a kan Barsu, karyar da ka bar min amana.

Ka tuna ranar da ka kawo ta daga wurin baturen nan mai aikin madatsar ruwa da zai koma ƙasarsu? 'Yar guntuwa, kunnuwa kamar za su taɓa ƙasa. Ka ce min, “Rifkatu, wannan in hancinta ya kama abu, ba ta jin kira.” Na ɗauka wasa kake.

Bana kogi ya cika har ya shanye gonakin shinkafa ta hanyar Guri. Ana cikin haka mahaukacin kare ya ciji wani yaro a bakin kasuwa, aka yi shela cewa duk karen da aka gani a sake, a kashe. Na ɗaure Barsu a gindin darbejiya. Ran Lahadi muka dawo daga coci, sai guntun igiya, da rami a ƙarƙashin zana. Ashe sawun gafiya ta bi.

Yaya, na yi yawo. Na bi bakin ruwa ina kiran sunanta har muryata ta dushe. Duk taron yara da na hango da sanduna sai in ruga in ga ko ita suke bi.

Malam Sale masunci, wanda kake sayen tarwaɗa a wurinsa, shi ya tsinto ta a wani tudu da ruwa ya zagaye. Ka san shi ba ya taɓa kare, amma ya zarga mata igiyar komarsa ya sako ta a kwalekwale. Cewa ya yi, “Ta ɗan sojan nan ce, ba zan bar ta ba.”

Sai dai akwai rauni a ƙafarta ta gaba. Cizo ne ko waya ce, ba wanda ya sani. Likitan dabbobi ya wanke, ya ce allurar rigakafin haukan kare da ka yi mata bara za ta taimaka, amma a killace ta a sa ido. Maƙwabta suka daina barin yaransu shigowa. Mama ma ta ce, “Kare ne fa, ba mutum ba.” Na kulle Barsu a ɗakinka, kullum da safe in tura mata kwanon ruwa da sanda, in tsaya ina leƙe ta taga har sai na ji harshenta cikin ruwan, don an ce mahaukacin kare gudun ruwa yake.

Jiya likita ya ce a buɗe ta, amma a ci gaba da lura. Tana ɗingishi, tana cin tuwo da ƙashin kifi.

Saura kai. Tun kafin damina ba mu ga wasiƙarka ba. Mama ta daina kunna rediyo lokacin labarai, ni kuma nakan je in saurara a gidan Malama Ladi, abokiyar aikina, in dawo in ce mata ba komai.

Ubangiji ya tsare ka, ya rufe idon mugu daga kanka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ko layi ɗaya ne ka aiko, Yaya.

Taka ƙanwa,
Rifkatu
Haɗeja