'Ya'yan Kwaɗi a Robar Wankina

Litinin, 2 ga Yuni
Yau na ga abin da ya ishe ni. Auta ta dawo daga makaranta da kwalba cike da koren ruwa, wasu baƙaƙen abubuwa masu wutsiya suna iyo a ciki. Wai 'ya'yan kwaɗi ne. Malamarsu ta raba wa 'yan aji ɗaya, kowa ya rena har su zama kwaɗi, ƙarshen zango ya tsaya gaban aji ya yi bayani. Autar da ko sunanta aka kira a aji sai ta sunkuyar da kai! Ni karatu na kai ta, ba kiwo ba. Kuma a sabuwar robar wankina ta juye su.

Alhamis, 5 ga Yuni
Wai dafaffen latas suke ci. Ina tsakiyar ɗinkin mutane na tashi dafa wa kwaɗi ganye. Baban Auta sai dariya yake yi, yana cewa in zuba musu gishiri kaɗan.

Asabar, 14 ga Yuni
Ruwan ya yi kore shar, yana ƙarni. Ni ba a zama da ƙazanta a gidana. Na kwashe su a kofi, na dirje robar da sabulu, na cika ta da ruwan famfo, fes.

Lahadi, 15 ga Yuni
Duk sun mutu, saura ɗaya. Ashe sabulu da ruwan famfo guba ne a gare su, wannan koren kuma abincinsu ne. To wa ya gaya mini? Malamar da ta iya raba kwaɗi ba ta iya aiko da bayani ba? Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Umma, kar ki sake yi masa wanka." Raina ya ɓaci ƙwarai.

Talata, 1 ga Yuli
Ƙafafun baya sun fito. Ruwan sama nake tarar masa yanzu, don kawai in huta da magana.

Laraba, 9 ga Yuli
Na gaba ma sun fito, wutsiyar tana ƙanƙancewa, ya daina cin latas ɗin. Auta ta ce Malama ta ce a sa masa dutse, don in huhunsa ya fara aiki bai sami wurin hawa ba, zai nutse. Kwaɗo ya nutse a ruwa, ka ji fa. Na bar keken ɗinki, na fita neman dutse kamar marar aikin yi. Da yamma na ji Auta tana yi wa robar bayani tiryan-tiryan, daga ƙwai har zuwa kwaɗo, ba ko in-ina. Na tsaya a bayan labule har ta gama.

Juma'a, 18 ga Yuli
Auta ta yi bayanin. Ta ce har yaran baya sun ji muryarta, an tafa mata.

Amma sai malamar nan ta sa suka saki kwaɗin a kududdufin bayan makaranta, ba tare da ta tambayi kowa ba. Abu bai kai ɗan yatsana ba, ga babura suna wucewa ta wurin, ga agwagin mutane. Wannan wane irin rashin tausayi ne?

Da la'asar na fita sayen zare, na bi ta bayan makarantar. Baban Auta ya ce ai ba hanyar shagon ba ce. Na ce masa ya ji da abin da ke gabansa.