Tsohuwar Da Ke Share Ƙofar Ɗakin Bauta

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina rubuto miki ne daga gidanmu na unguwar Rusaifa a nan Makka, shekara biyu ke nan da rasuwarki.

Jiya na fito daga Harami bayan la'asar, na ga wata dattijuwa 'yar Indiya tana neman takalminta. Na tsaya ina kallonta har ta ɓace cikin mutane. Sai ta tuna mini da wata, kuma kin san ko wace ce.

Kin tuna ɗakin da muka kama a birnin Chennai na Indiya lokacin jinyar ƙodarki? Tagarsa na kallon wani ɗan ɗakin bautar Hindu, bai fi falonmu girma ba. Ni da aka haifa a Makka, ban taɓa ganin gunki da idona ba. Ranar farko na ja labule ina a'uziyya. Kika ce, "Ya binti, buɗe, iska nake so. Imanin da labule ke tsarewa bai zauna ba."

Kullum in mun idar da sallar asuba, sai ƙararrawarsu ta kaɗa. Wata tsohuwa ta zo ba takalmi, ta share ƙofar, ta yayyafa ruwa, ta kunna 'yar fitila, ta tsaya shiru hannuwanta a haɗe. Masu tafiya aiki su ajiye furanni su wuce. Titi na ta hayaniya, amma nan wurin tsit. Ke kuma kina bakin taga da carbinki.

Sai a mustashfa, wato asibiti, muka gane ɗan tsohuwar ma wankin ƙoda ake yi masa, gado biyu tsakaninku. Ba ta jin Larabci, ba kya jin yarenta. Dabinon da muka zo da shi kika miƙa mata, washegari ta kawo miki ruwan kwakwa. Na yi ta ƙorafi, kika yi kamar ba ki ji ba.

Ranar da ɗan ya rasu, na ɗauka ba za ta fito ba. Da gari ya waye ta zo, ta yi shararta, ta kunna fitilarta. Kika ce in sauko da ke, ga ƙafafunki a kumbure. Kika zauna a dakalin gidan da muka sauka, ta tsallako titi ta zauna kusa da ke, kika riƙe hannunta har rana ta yi zafi. Da muka koma sama kika ce, "Addininta nata, nawa nawa. Amma uwa ce."

Da za mu taho, kin nuna mata yatsu shida, wai bayan wata shida za ki dawo ganin likita. Ta gyaɗa kai tana murmushi. A wata na biyar muka sallace ki a gaban Ka'aba.

Umma, ko sunanta ban tambaya ba. Ba ni da hanyar gaya mata cewa ba saɓa alkawari kika yi ba. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Ina kewarki, Ummata, kewar da ba ta raguwa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna. Ita kuma, in tana raye, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya nuna mata hanyarSa.

'Yarki mai begenki,
Ramlatu