Gurbi na Sittin a Littafin Kawu

Zuwa ga Malama Zdenka,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan Satumba ya wuce, domin da zarar dusar ƙanƙara ta sauka a kan dutsen Jalovec, magana ta ƙare sai baɗi, ni kuwa na gaji da ɗage ta. Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na fara rubuta miki, ukun farko na yaga su. Na canza sunayen mutane, sunan dutsen ne kawai na kasa canzawa.

Shekarata arba'in da biyu. Karatuna ya tsaya a sakandare, kuma ina aiki a ɗakin ajiyar kaya na wani kamfanin katako. Ba ni da abin nunawa a duniya da ya wuce ɗan littafin ƙungiyar masu hawan dutse ta garinmu, mai ƙololuwa sittin, kowace da gurbinta. Kin san yadda abin yake: ka hau, ka buɗe akwatin ƙarfen da ke can sama, ka ɗauko hatimi ka buga a gurbin, da tawadar da ka zo da ita, don ta cikin akwatin kullum a bushe take. Wanda ya cika sittin, kwamiti ya duba littafinsa, a taron Nuwamba a ba shi lamba a rubuta sunansa a kundin ƙungiya.

Ni ce nake riƙe da kundin nan shekara shida ke nan, saboda haka na san lissafin. Tun da aka fara a 1981 an raba littafi dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu. Waɗanda suka dawo a cike ɗari da tamanin da bakwai ne, mata ashirin da biyu a cikinsu. Yawancin mutane tsakanin goma da sha biyar suke tsayawa. Su kwashe na kusa da gida a shekarar farko da zafinsu, sai haihuwa ta zo, ko gwiwa, ko canjin wurin aiki. Ni ina da hamsin da tara. Ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da wannan. Wani lokaci a wurin aiki, in shugabanmu yana min faɗa a kan kusoshin da ba ni na ɓatar ba, sai in tuna na tsaya a wurare hamsin da tara da shi bai taɓa ganinsu ba sai a kalanda, sai raina ya yi sanyi.

Duk hamsin da taran nan tare da kawuna Ciril na hau su. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon makanikin jirgin ƙasa, yanzu shekararsa saba'in da uku. Shekara goma sha shida da suka wuce aurena ya mutu, na koma ba na fita ko ƙofar gida. Wata Asabar da safe ya zo da tsofaffin takalman matarsa da sabbin littattafai biyu, ya ce in saka mu tafi. Yana da tsohon littafinsa mai hatimi arba'in da ɗaya, amma ya ajiye shi ya sake farawa daga ɗaya, wai kada in riƙa kallon bayansa. Ni mai rubutu ce. Kowace tafiya ina rubuta lokacin da muka tashi, yanayin sama, sau nawa muka huta, har da abin da muka ci a masauki. Shi ya sa ya laƙaba min Akawu, har masu masaukan dutse suka ɗauka, in sun hango mu sai su ce ga Kawu da Akawu nan, a ɗora tukunyar ričet, faten sha'ir da wake. Yakan ce wata rana zan faɗa rami ina rubuta zurfinsa, ni kuma in ce ai gara a san wanda ya ce mu bi ta nan.

Jalovec muka bari na ƙarshe. Shi bai taɓa kaiwa samansa ba, sau biyu muka nufe shi tare iska ta koro mu. A na biyun ya zauna a kan dutse yana haki ya ce, "Akawu, rubuta: yau ma ya ci mu." Da bazarar da ta biyo baya zuciyarsa ta buga. Ya tashi, amma likita ya ce hawa ya ƙare, sai dai yawo a bakin kogi. Na jira shi shekara biyu ina cewa ko zai samu sauƙi. Na san ba zai samu ba. Shi ma ya sani.

Mako uku da suka wuce, ranar Lahadi da rana, na je cin abinci gidansa. Muna zaune a kicin sai ya turo min littafinsa a cikin leda ya ce, "Ki je ki gama. Ki tafi da wannan, bai kai nauyin burodi ba." Na tambaye shi ko rakiya kawai zai yi min. Bai ɗago ya dube ni ba, ya ce, "Kin san inda gurbin yake."

Malama, wannan mutumin ya yi shekara goma sha tara yana shugabantar kwamitin duba littattafai. Akwai amininsa Metod, tare suka koyi aiki. Metod ya kawo littafi a cike, Kawu ya duba ya ga kwanan wata ɗaya ya faɗo a makon da Metod yake kwance a asibiti, shi da kansa ya je dubiya. Ashe mijin 'yar Metod ne ya hau da littafin. Kawu ya mayar masa a gaban kwamiti, ya ce littafi ne ya hau, in ana ba littafi lamba a kawo a liƙa masa. Metod ya bar ƙungiya. Har yau in sun haɗu a kasuwa kai kawai suke ɗaga wa juna. Da wannan labarin aka rene ni a harkar nan. Saboda shi ne na taɓa sake hawa wata ƙololuwa, don ranar farko gajimare ya rufe ko'ina, na yi shekara guda ina shakkar ko akwatin da na samu a saman yake ko a kafaɗar dutsen.

Inna Slavka, matarsa, ta raka ni bakin ƙofa ta riƙe hannuna. Ta ce kullum da safe sai ya buɗe littafin a shafin ƙarshe ya zauna yana kallo har shayinsa ya huce. Ta ce wa za a cuta, dutse ba zai kai ƙarata ba, kuma tsoho ne da ba a san kwanansa ba. Gaskiyarta, babu mai ganewa. Babu wanda zai yi gangancin ƙirga wa Ciril kwanan wata, kuma ni ce zan rubuta sunan da hannuna: shi na 188, ni ta 189. Na gwada rubuta hakan a littafina na gida in ga yadda zai kasance, na soke, na sake rubutawa.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne wannan. A 2014, a kan ƙololuwar Prisojnik, tsoro ya kama ni a wurin da ake riƙe wayar ƙarfe, ƙafafuna suka ƙi motsi. Kawu ya ɗaure ni da igiya yana cewa kada in kalli ƙasa, babu abin da na yar a can. Na rubuta a ranar cewa kusan janye ni ya yi har sama. Na buga hatimi ban ji kunya ba. To in shi ya ɗauke ni, me zai sa ni in kasa ɗaukar masa takarda? Ko dai girman kai ne yake damuna, ina so nawa ya zama mai tsarki a bar tsoho da gurbi? Ko ma a ƙasan raina so nake in zama ta 188?

Littafinsa yana kan teburina cikin ledarsa. Ban buɗe ba. Me zan yi?

Taki,
Akawu, daga Gorenjska

AMSA

Akawu 'yar'uwa,

Da farko ina taya ki murna, don na lura a duk wasiƙarki babu wanda ya taya ki. Hamsin da tara, da aikin ɗakin ajiya, daga macen da ba ta iya fita ƙofar gida. Alfaharinki halal ne, ki daina neman gafara a kansa.

Kada ki buga hatimin a littafinsa. Amma bari in fara da ɓangaren Inna Slavka, domin ba shirme ta faɗa ba. Ita ce take ganin shayin yana hucewa kowace safiya, kuma wanda yake zaune da mara lafiya ba ya auna abubuwa da ma'aunin kwamiti. Kawunki ma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ciwo ya ƙwace masa duwatsu a rana ɗaya zai iya roƙon abin da da lafiyarsa zai tsawata wa wani a kansa. Tsoro ne, ba ha'inci ba. Yana ganin za ki wuce ki bar shi a ƙasa, karo na farko cikin shekara goma sha shida.

Sai dai ki duba abin da za ki ba shi in kin yi. A taron Nuwamba zai tashi a gaban mutanen da suka san likita ya hana shi hawa tun shekara biyu. Kin ce babu mai ƙirga masa kwanan wata. Ba sai sun ƙirga ba. Za su tafa, su yi shiru don tausayi, kuma shi ma zai gane shirun. Labari zai kai kunnen Metod kafin a kwashe kujeru. Mutumin da ya kasa duban idonki lokacin da yake roƙo ba zai iya rataya wannan lambar a ƙirji ba.

Maganar Prisojnik kuwa, ki sauke ta daga kanki. Ya ja ki, amma ƙafarki ce ta taka saman. Taimako a hanya ba ya soke hatimi, duk mai hawa an taɓa miƙa masa hannu. Batun 188 ko 189 kuma, mai kwaɗayin lamba ba ta zama shekara biyu tana jiran tsoho.

Abin da ban yarda ki yi ba shi ne dabara. Kada ki hau da littafin ki dawo ki ce tawada ta bushe ko kin manta. Ki mayar masa da shi kafin ki tafi, hannu da hannu, ku biyu kawai, ba a gaban matarsa ba. Ki ce masa ba za ki iya ba, kuma shi ya koya miki rashin iyawar. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya yi kwanaki bai ɗaga wayarki ba. Ki ƙyale shi ya huce, ki ci gaba da zuwa cin abincin Lahadi.

Sannan ki ba shi aiki. Ki tsayar da rana, ki sa ya zaɓar miki hanya da abokin tafiya, don ba dutsen da za ki je ke kaɗai ba ne. In likita ya amince, a kai shi masaukin da ke kwarin Tamar, inda ake ganin Jalovec tsaye a gaba, ya zauna da madubin hangen nesa yana kushe saurinki. A littafin baƙi na can sama ki rubuta sunansa da abin da ya yi miki, wannan gaskiya ce, babu kwamitin da zai hana. Kuma tun da kundin yana hannunki, ki kai wa kwamiti shawarar buɗe shafi ga waɗanda suka wuce hamsin ciwo ko shekaru suka tsayar da su. Na tabbata kin san adadinsu. Ki tuna Metod ma yana cikinsu, a kan hamsin da tara.

Gurbinsa na sittin ki bar shi fari. Duk wanda ya buɗe littafin ya ga an bar ɗaya babu komai, ba zai yi shakkar sauran ba.

Ki je ki hau dutsenki kafin sama ta canza. Allah ya ba kawunki lafiya da tsawon kwana, ya kai ki ya sauko da ke lafiya.

Zdenka