Baƙin Mai a Tafkin Baba

Kebbe, 9 ga Afrilu, 1978

Yaya Atiku,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da tankar kamfanin hanya da ta hana ka leƙo gida. Mu kam ba zan ce lafiya ba.

Jiya ranar su ce, ranar kamun kifin gari duka. Ka san dokar Baba tun da ya zama Sarkin Ruwa: wata biyar ba mai kusantar tafki sai ya buɗe shi. Gari ya fito da homa da gora, muna isa muka tsaya cik. Kifi duk ya juya ciki sama. Baba ya tsoma hannu, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Baƙin mai ne, Yaya.

Ana ta cewa Baba ya sayar wa kamfaninku tafkin, har wasu na neman a tuɓe shi. Tunda kana cikinsu, ka binciko mana wane marar tsoron Allah ne.

Ƙanwarka,
Ni'imatu

Kebbe, 27 ga Afrilu, 1978

Yaya Atiku,

Ina gaisuwa, ya jiki? Shirunka ya yi yawa.

Inna Hadijatu mai bandar kifi ta tara mu, mata fiye da sittin, muka zauna a ƙofar sansaninku kwana uku, ko baro bai fita ba. Na yi ta baza ido ban gan ka ba. Dole manajanku ya zo gari. Da ya zauna, Inna ta durƙusa ta miƙa masa ruwan baƙo yadda aka saba, amma na tafki. Ta ce, "Sha mana. Shi kunka bar muna."

Gumi ya karyo masa. Ya rantse ramin zubar da man suka haƙa can bayan Dogon Daji, direba ne ya yanke hanya. Ya fito da takarda mai sunan direban, ni suka ba in karanta a gaban jama'a. Wallahi sai da na kai rabin sunan kafin na gane na wane ne.

Ni ce sakara. Ban da ɗan gida, wa ya san wata biyar ba ƙafar da ke zuwa wurin?

Da safe Baba ya naɗe rawaninsa ya aika wa hakimi. Kamfani ya yi alkawarin yashe tafkin, amma ba ma jira, gobe za mu fara kwashe man da ƙore. Na ajiye maka ƙwarya ɗaya.

Ƙanwarka dai,
Ni'imatu